Haɗin da Na Yi wa Waken Kawu Don In Yi Digiri Na Biyu

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da duk masu bibiyarsa, manya da ƙanana, Allah ya ƙara rufa mana asiri. Ina roƙon arziki a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na sauya su. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, wani lokaci har in yanke hukunci a zuciyata in ce wane bai kyauta ba, ban taɓa kawowa wata rana ni ma zan zo da tawa ba. Don Allah kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe. Ban zo wanke kaina ba, na san abin da hannuna ya aikata. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni namiji ne, na haura shekara talatin, haifaffen Maiduguri, ina da mata da 'ya guda ƙarama. Kimiyyar sinadarai na karanta a jami'a, na fita da sakamako mai kyau, amma tun da na gama bautar ƙasa ban samu komai ba sai koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Mairi, da albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Kullum da safe ina cikin keke zuwa aiki ina kallon ɗalibai suna tururuwa zuwa jami'a, wasu da fararen rigunan ɗakin gwaji a rataye a kafaɗa. Duk inda na kai takarduna sai a ce mai digiri na biyu ake nema. Wasu yaran da na koyar a sakandare har sun wuce ni. Shi ya sa ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka digiri na biyu, a ofishin malamai na yi sujjada a kan siminti. Murnar ba ta kwana ba. Wanda bai yi kimiyya ba ba zai gane ba, ba kuɗin rajista ne kaɗai ba, kai za ka sayi sinadaran da za ka yi gwaji da su, kai za ka biya kuɗin na'ura, wani lokaci har man janareta sai an yi karo-karo. Na nemi tallafin karatu ban samu ba, na nemi rance a makarantarmu aka ce in jira. Matata ta ce in sayar da keken ɗinkinta. Ta yaya zan sayar da abin da muke cin abinci da shi idan albashi ya ƙare?

A nan Kawu ya shigo. Zan kira shi Kawu Bukar. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya kwashe mu zuwa gidansa a unguwar Limanti lokacin da mahaifinmu ya rasu, shi ya yi mini komai har aure, kuma har yau Mama a gidansa take zaune. Babban ɗan kasuwar hatsi ne a Kasuwar Litinin, wake ya fi yi, yana sari da kaka ya jibge a sito ya jira tsada. Da Mama ta gaya masa halin da nake ciki sai ya aika in same shi a kasuwa. Muka gaisa, ya ja ni zuwa cikin siton. Ya sa wuƙa ya farke bakin wani buhu, ya ɗebo ya zuba mini a tafin hannu. Waken duk ya huje, rabi ya zama gari, ƙwari suna bin yatsuna. Ya ce, "Ka gani? Kuɗin makarantarka ne ƙwari suke ci." Ya ce, "Fiya-fiyar da muke sawa ta daina aiki, ƙwarin yanzu sun saba da ita. Kai ka karanta haɗa magani. Ni zan ɗauki karatunka daga farko har ƙarshe, amma ilimin nan ya amfani gida mana, ɗana."

Wallahi da farko gaskiya na gaya masa. Na ce akwai buhuna masu leda a ciki da ke hana iska shiga, ƙwari su mutu da kansu ba tare da magani ba. Ya yi dariya har da riƙe gemu, ya ce in kalli yawan buhunan da ke siton in gaya masa wace riba za ta rage idan ya sayi irin waɗancan. Ya ce, "Idan ba za ka iya ba ka faɗa, ba dole. Allah ya ba ka wata hanyar." Ya juya zai fita. Ranar rufe rajista tana matsowa. Na ce, "Kawu, bari in duba."

Sinadarai biyu na haɗa, ba zan faɗi sunansu ba don kada wani ya kwaikwaya. Dukansu na feshin gona ne, ba a yi su don su taɓa abin da za a ci ba, kuma na sani, ai abin da nake koya wa yara ke nan a aji. Amma shaiɗan ya ba ni lissafi mai daɗi. Na ce wa kaina idan waken ya daɗe a ajiye ƙarfin maganin zai ragu, idan aka shanya a rana kafin a sayar zai ƙara raguwa, sannan mata suna wankewa kafin su dafa. Na kafa wa Kawu sharaɗi cewa ba za a taɓa buhu ko ɗaya ba sai damina ta sauka, kuma sai an shanya. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne." Na ɗaure hanci da ƙyalle na haɗa da hannuna a bayan sito, 'yan dako suna tsaye suna kallo. Washegari Kawu ya biya mini rajista. Na shiga aji, na sayi farar riga, na ɗauki hoto na tura wa abokai, suna ta yi mini barka.

Haɗin ya yi aiki fiye da yadda na zata. Waken Kawu ya zauna fari tas, manya-manya, ko huji ɗaya babu. Sai farashi ya tashi tun kafin zafi ya kankama, Kawu kuwa bai jira damina ba, bai shanya ba, ya buɗe sito ya fara sayarwa. Da na yi magana ya ce kasuwa ba ta jiran kowa. Bayan nan ma bai ƙara kirana in haɗa ba, domin 'yan dakonsa sun riga sun ga abin da na zuba, su suke yi yanzu, kuma ba aunawa suke ba, da ido suke zubawa, idan suka ga buhu ya fara ƙwari su ƙara. Kafin in farga maƙwabtansa na layin sun fara sayen haɗin a wajensa a cikin jarkoki. Har suna suka sa masa, wai haɗin ɗan jami'a. Idan na ratsa layin sai in ji ana, "Lale, lale da Malam, Allah ya ƙara ilimi." Sai in yi murmushi in wuce.

Abin da ya fara hana ni sukuni shi ne wata rana da na je gaida Mama a Limanti, na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faranti, duk huji. Na ce, "Mama, ina ke ina wannan, ga fari tas a siton Kawu?" Ta ce, "Kawunka ne ya ce na gida daban. Ya hana a ɗebo na sito ko kwano ɗaya, wai mai ƙwarin ya fi lafiya." Ta ci gaba da tsintarta. Ashe ya sani. Ni da nake ba kaina uzuri cewa jahilci ne ke ɗibarsa, ashe ya san abin da yake sayar wa mutane. To ni fa? Ni da na fi shi sani, me na yi? Na tashi na koma gida, na ci gaba da zuwa aji.

Da aka zo rabon batun bincike aka haɗa ni da wata malama, zan kira ta Dakta Yagana, mace mai tsauri da gaskiya, wadda ɗalibai ke gudu domin ba ta sa hannu a kan abin da ba ta gamsu da shi ba. Na kai mata batutuwan da na zaɓa, duk a kan ruwan rijiya. Ta ture su gefe ta ce an gaji da yin waɗannan. Ta ce, "Za ka auna ragowar maganin ƙwari a cikin waken da ake sayarwa a kasuwannin garin nan. Abin yana damuna, kuma ba wanda ya tsaya ya yi shi da kyau." Jama'a, kun taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashin kujerarku? Na ce, "To, Dakta." Me zan ce? In ce mata a'a saboda me?

Na bi kasuwanni na sayo wake kaɗan-kaɗan daga wurare daban-daban, har da layin Kawu. Na'urar da muke gwajin da ita tsohuwa ce, yau ta yi aiki gobe ta ƙi, amma idan ta yi, tana fitar da zane a kwamfuta, kowane sinadari da tsininsa a wurinsa, kamar sawun ƙafa a kan yashi. Da na saka na layin Kawu sai ga tsini biyu sun miƙe kusa da juna, dogaye, sun wuce duk abin da aka yarda ɗan Adam ya ci nesa ba kusa ba. Na daɗe ina kallonsu. Babu wanda ke haɗa waɗannan biyun a garin nan sai wanda ya koya daga hannuna. Na goge sakamakon. Na zubar da waken, na maye gurbinsa da wanda na saya a hannun wata tsohuwa da ta kawo daga ƙauye. Da na kai wa Dakta sakamakon farko ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta kalle ni ta saman gilashinta ta ce, "Ikon Allah. Ashe 'yan kasuwarmu sun shiryu ban sani ba?" Na ce haka na'ura ta nuna. Ta ce, "To, mu je zuwa." Har na fita ina jin idonta a bayana.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na rubuto. Akwai abokiyar karatuna, zan kira ta Rifkatu, 'yar kudancin Borno ce, Kirista. Teburinmu ɗaya a ɗakin gwaji. Ita ta koya mini sarrafa na'urar nan, domin ni na daɗe da barin karatu hannuna ya yi tsatsa. Idan sinadarina ya ƙare ta zuba mini nata ba ta taɓa tambayar ko zan biya ba, idan lokacin salla ya yi ita ke tsare mini abin da na ɗora a wuta ta ce, "Je ka, Malam, ina gani." A Mairi take zaune a gidan yayarta Saratu, malamar firamare mai 'ya'ya uku. Wata ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci Saratu ta dafa shinkafa da wake. Rifkatu ba ta ci ba, ta tsaya a coci wajen koyon waƙa. Kafin ta dawo gidan ya rikice, duk wanda ya ci yana amai, yana zufa, yawu yana dalala, yaran suna karkarwa. Maƙwabta suka kwashe su zuwa asibiti. Saratu da mijinta da manyan yaran biyu sun tashi. Ƙaramar, Ladi, wadda ko makaranta ba a sa ta ba, ba ta tashi ba.

Da labarin ya zo mana a aji, aka ce gubar abinci ce, aka ce wake. Na ce wa kaina wake nawa ne a Maiduguri, masu sa magani nawa ne, don me zai zama nawa? Muka haɗu 'yan aji muka je ta'aziyya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata suna rera waƙoƙinsu a hankali daga ciki. Aka shigar da mu wajen Saratu, tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta rame, muryarta ba ta fita sosai. Rifkatu ta nuna ni ta ce wannan ne Malam da nake ba ki labari. Matar nan ta ɗago ta ce, "Sannu, Malam, na gode. Rifkatu tana yawan faɗin kirkinka. Allah ya raya maka taka." Ban san abin da na amsa mata ba. Na dai san da muka fito na zagaya bayan wani kango na yi amai.

Da Rifkatu ta dawo makaranta sai ta jira kowa ya fita cin abinci, ta ciro baƙar leda daga jakarta ta ajiye a kan teburinmu. Ta ce, "Ragowar waken ne, ɗanye. Likita ya ce alamun maganin ƙwari ne, amma ba su da abin aunawa. Ina so in san abin da ya kashe Ladi. Ni ba zan iya ba. Kai ne aikinka ya shafi wake, ka taimake ni." Na buɗe ledar. Fari tas, manya-manya, ko huji ɗaya babu. Tun kafin in kai hanci warin ya gaya mini. Na yi gwajin, ita tana zaune a bakin taga ta juya baya, ta ce ba ta son ta kalla sai na gama. Zanen ya fara fitowa. Tsini biyu, kusa da juna, sun ma fi waɗanda na gani a baya tsawo.

A wannan lokacin Allah ya ba ni dama, na sani. Da na kira ta na ce zo ki gani, ga abin da ya kashe ta, kuma ni na haɗa shi, da yanzu ko ina gidan yari na san inda nake. Amma sai na tuna Mama, na tuna 'yata, na tuna irin kallon da za a yi mini a Limanti, na tuna saura ƙiris in gama. Na danna na goge. Na ce, "Rifkatu, na'urar nan ta sake rikicewa, shirme kawai take fitarwa." Ta juyo ta dube ni, idonta ya kumbura da kuka, ta ce, "Ba komai, Malam, ka yi ƙoƙari. Dama na raba shi biyu, rabin yana gida." Har godiya ta yi mini. Wane irin mutum ne ake yi wa godiya a kan wannan ya amsa da ba komai?

Ranar ban koma gida ba, kasuwa na wuce. Na samu Kawu bayan la'asar a bakin sito yana jan carbi. Na ce ina son magana da shi a ciki. Na gaya masa komai, yarinyar, gwajin, tsinin nan biyu. Na ce, "Kawu, don Allah a tsayar da sayarwa. A karɓo jarkokin da ke hannun mutane. Abin da ya rage a sito a fitar da shi daga abinci." Bai daina jan carbinsa ba har na gama. Ya ce, "Allah ya ba iyayenta haƙuri. Ajali ne." Na ce ba ajali kaɗai ba ne, da hannunmu a ciki. Sai ya juya harshe zuwa Kanuri, yadda yake yi idan magana ta yi nauyi, ya rage murya. Ya ce, "Hannun wa? Ni ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Na kira ɗana mai ilimi na ce ya ba ni maganin ƙwari, ya ba ni. Duk layin nan wa bai san sunan haɗin ba? Idan hukuma ta zo, ni za ta tambaya me ke ciki ko kai?" Ya ce, "Uwarka hawan jini gare ta. Kai za ka gaya mata ko ni zan gaya mata? Kuma idan aka rufe siton nan, a ina za ta zauna, a ɗakin hayarka?" Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya dafa kafaɗata kamar yadda yake yi tun ina yaro, ya ce, "Je ka gama karatunka. Na biya na bana tun jiya."

Ina shirin fita na lura da wasu buhuna da aka ware gefe guda, an jera su har kusa da rufi, an shafa musu jan fenti. Na tambaya na waye. Ya ce wani ɗan kwangila ne ya saye, na wata makarantar kwana ce ta 'yan mata, da zarar an dawo hutu mota za ta zo ta kwashe. Na matsa kusa. Warin ya sa idona ya yi ruwa. Ba a daɗe da sa musu maganin ba. Kun san yadda ake dafa wake a makarantar kwana? Wa zai tsaya ya wanke shi sau uku, wa zai zubar da ruwan farko? A babbar tukunya za a juye, a raba wa 'ya'yan mutane da suka baro iyayensu, a wurin da asibiti ma ba lallai yana kusa ba. Kuma hutun ya kusa ƙarewa.

Tun ranar ban ƙara zama daidai ba. Ina tsaye a gaban allo ina koyarwa sai in manta abin da nake faɗa, yara su yi ta kallona. A salla ban san raka'a nawa nake yi ba. Na hana a dafa wake a gidana ban ba da dalili ba. Kwanan baya maƙwabciyarmu ta miƙa wa 'yata ƙosai, ban san lokacin da na buge shi daga hannunta ba, yarinya ta tsala ihu, matar ta tsaya baki buɗe. Matata ta ja ni ɗaki ta ce, "Baban Ummi, ka gaya mini gaskiya, karatun nan ne yake taɓa maka kai ko wani abu ka yi?" Na ce gajiya ce. Ta ce, "Gajiya ba ta sa mutum ya riƙa kallon 'yarsa yana hawaye." Ita ma yanzu ta rage yi mini magana, tana dai bina da ido.

Ba wai ban yi tunanin mafita ba. Na yi tunanin in kira hukuma ba tare da na faɗi sunana ba, amma ɗan dako na farko da za a tambaya zai ce haɗin ɗan jami'a ne, ya nuna gidanmu. Har na yi tunanin in lallaɓa in jiƙa buhunan nan da ruwa su ruɓe, sai na ga jarkokin da ke hannun sauran 'yan layin fa, su wa zai jiƙa? Wani lokaci zuciyata ta ce in yi shiru, wataƙila buhunan za su daɗe a siton makarantar ƙarfin ya ragu, wataƙila ba abin da zai faru, mutane nawa suka ci suka kwana lafiya? Sai in tuna irin wannan lissafin ne na yi tun farko. Idan kuma na fito na faɗa, digirin ya tafi, domin na yi ƙarya a bincike, aikin koyarwar ma ya tafi, wataƙila a ɗaure ni, a ɗaure mutumin da ya riƙe ni ina maraya, dangi su ce na ci amana, Mama kuwa ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. Ina jin kunyar in faɗa, amma har yanzu akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa in bari in kare binciken a gaban malamai tukuna in karɓi takardata. Kun ga irin mutumin da na zama.

Yau Dakta Yagana ta aika a kira ni. Na shiga na tarar da Rifkatu a zaune. Ashe ta kai mata ragowar waken, Dakta kuma ta tura shi wani ɗakin gwaji a wani gari da kuɗin aljihunta, ta ce ba ta yarda da na'urarmu ba kuma. Sakamakon zai iso kowane lokaci. Ba su tsaya nan ba. Rifkatu ta koma wajen matar da ta auna wa Saratu waken a Mairi, matar tana kuka ta rantse ba ta sa komai ba, ta ce a Kasuwar Litinin take sarowa, ta kwatanta layin. Layin Kawu ne. Dakta ta ce jibi za su je su biyu su sayi wake daga kowane sito a layin, kamar masu saye kawai. Sai Rifkatu ta ce, "Dakta, ai kawun Malam a kasuwar yake. Idan da shi muka je za su saki jiki da mu, ba za su ɓoye komai ba." Ta juyo ta kalle ni ta ce, "Za ka raka mu ko, Malam? Don Ladi." Dakta ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur, tana jiran amsata. Na ji bakina ya ce, "Insha Allahu."

Jibi ke nan zan shiga layin nan a tsakiyar matan nan biyu, a wurin da kowa ya san fuskata, inda ɗan dako ɗaya zai iya ɗaga murya ya yi mini kirari da sunan haɗin. In je in samu Dakta gobe in faɗa mata komai kafin kasuwa ta faɗa mata? In fara zuwa wajen Mama? Da wane baki zan kalli Rifkatu? Ko akwai hanyar da za a tsayar da motar makarantar nan ba tare da gidanmu ya rushe ba? Masu ilimin addini, masu sanin shari'a, iyaye mata da ke da 'ya'ya a makarantun kwana, ku zage ni idan kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa, domin zan karanta kowace ɗaya kafin in fita gobe.

Don girman Allah, me zan yi?